Teburin kicin yana rawa, an buga masa ƙusa ya ƙi tsayawa

“Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rogo a nan Jos. Ina da teburin katako a kicin, ya kai shekara shida, a kansa nake murza fulawar cincin da mitfai na sayarwa, a kansa kuma nake ɗora bilenda. Tun shigowar sanyin bana ya fara rawa, da na danna sai ya tafi gaba ya dawo. Maigida ya buga masa ƙusoshi har sau biyu, ya yi kwana kaɗan ya koma yadda yake. Na cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, bai hana ba. Ana iya gyara shi a gida, ko in haƙura in sayi wani?”

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ki da kyau, teburin yana tafiya gaba da baya in kin sa ƙarfi, abin ya tsananta da shigowar hunturu, ƙusa ba ta riƙe ba, kwali ma bai yi amfani ba. Waɗannan abubuwa huɗu sun gaya mini abu ɗaya tun kafin in ga teburin: ciwon yana wajen da ƙafafu suka haɗu da firam ɗin da ke ƙarƙashin saman teburin. Irin wannan kuwa yana gyaruwa a gida, kuma kayan gyaran ba su kai ko kusa da kuɗin sabon tebur ba. Roƙona na farko dai, ki ce wa maigida ya ajiye guduma tukuna. Niyyarsa mai kyau ce, amma kowace ƙusa aka ƙara, aikin gyaran ake ƙara wa wahala.

Ɗingishi daban, rawa daban

Na daɗe ina aikin kafinta, kuma mafi yawan teburan da ake kawo mini an riga an yi musu maganin ciwon da ba shi ke damunsu ba. Tebur yana motsi iri biyu. Akwai ɗingishi: jikin teburin garau yake, amma ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, sai ki danna kusurwa ɗaya ki ji ƙwas, ɗaya kusurwar ta ɗaga. Akwai kuma rawa: ƙafafu huɗu duk suna ƙasa, amma saman yana lilo, ƙafafun suna karkacewa tare da shi.

Ki duba murhun gargajiya. Duwatsu uku ake girkawa, kuma ko a kan tudu ko a gangare tukunya ba ta ɗingishi a kansu, domin abu mai ƙafa uku dole kowace ƙafarsa ta sami ƙasa. Da an ƙara ta huɗu, sai an sami daidaito tsakanin ƙafafun da daɓen, in ba haka ba ɗaya za ta rataya. Wannan shi ne ɗingishi, kuma shi kaɗai kwali ke yi wa magani. Tunda kin cusa kwali bai hana ba, alama ce naki rawa yake.

Ga yadda za ki tabbatar. Ki sauke komai daga kai. Ki sa tafin hannu ki danna kusurwoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ki saurara ko wata ƙafa za ta buga ƙasa. Sannan ki kama gefen teburin da hannu biyu ki tura ki jawo, wani yaro ya tsuguna da fitilar waya yana kallon inda ƙafa ta haɗu da firam. In ya ga wata 'yar kafa tana buɗewa tana rufewa, ko da sirara ce kamar tsinken tsintsiya, to an kama ɓarawon. Ki sa alli ki yi wa wurin alama, ki bi sauran kusurwoyin.

Kada kuma a manta da daɓen. Magina kan karkatar da daɓen kicin kaɗan zuwa wajen magudanar ruwa, tayil ma ba kullum yake kwanciya daidai ba. Wata baiwar Allah daga Rikkos ta taɓa ɗauko Keke Napep ta kawo mini tebur wai in rage masa ƙafa. Muka ajiye shi a kan falankin da nake gwaji, ya tsaya cak, ko motsi. Na ce ta mayar da shi, ta riƙa juya shi kaɗan-kaɗan a inda yake zama har ya sami wurin da ƙafafunsa huɗu suka taka. Teburin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, in ƙafafunsa ma tsawonsu ɗaya, yakan sami mazauni kafin a juya shi kwatan zagaye. Da na bi maganarta na sa zarto, da na lalata mata lafiyayyen tebur.

Me ya sa sai da hunturu

Katako yana shan ruwa daga iska yana kuma fitarwa, har ƙarshen rayuwarsa, ko an shafa masa fenti. In ya sha sai ya kumbura, in ya bushe sai ya tsuke. Kuma ta faɗi da kauri yake wannan motsi, ta tsawo kusan babu. Kin san ƙofar katakon da take cijewa a watan Agusta sai an sa kafaɗa, a Janairu kuma ta riƙa rufuwa da kanta har da 'yar kafa a gefe. To abin da ke faruwa a cikin haɗin teburinki ke nan, sai dai shi a ɓoye.

Mu a Jos muna da ɓangarorin nan biyu da ƙarfinsu. Garin yana kan tsauni, wajen mita 1,200 sama da teku, damina tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, a Yuli da Agusta har kaya ke ƙin bushewa a igiya. Sai kuma iskar hunturu ta zo daga Nuwamba, ta bushe leɓe ta fasa ƙafa, ta tsotse katako. Shekara shida ke nan teburinki yana kumbura yana tsukewa. Kowane zagaye yana ɗan sassauta gam, yana ɗan faɗaɗa ramin ƙusa.

Akwai kuma laifin da ke wuyanmu masu sana'a, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wani zai shiga Kasuwar Katako da safe ya sayi falankin da bai gama bushewa ba, da yamma ya fara haɗa tebur saboda mai kaya yana gaggawa. Ranar da aka kai shi gida kamar dutse yake. Hunturun farko ruwan jikinsa zai fita, haɗin ya saki. Farin katako mai taushi irin su obeche da malaina ya fi saurin sakin ƙusa a kan jan katako irin maɗaci, shi ya sa tambayar farko da nake yi wa mai tebur ita ce: yana da nauyi ko yaro ma zai iya ɗaga shi?

Sai aikin da kike yi a kai. Cin abinci danna tebur yake yi ƙasa, kuma ƙafafu sun iya ɗaukar wannan. Murza fulawa kuwa tura shi yake gaba da baya, sau ɗaruruwa a zama ɗaya. Ƙafar tebur tana da tsawon kusan inci 30, firam ɗin da ke riƙe da ita faɗinsa bai wuce inci 3 ko 4 ba. Kamar mutum ne ya sa dogon ƙarfe yana ɓamɓarar abu: ɗan ƙarfin da kika sa a sama yana ninkuwa sau da yawa a wajen haɗin. Karkarwar bilenda kuma tana ƙarasa kwance duk abin da ya fara sassautawa.

Ita ƙusa santsi gare ta, matsewar katako ce kawai ke riƙe ta. In katakon ya tsuke ya saki, ko teburin ya yi ta jijjiga, sai ta fara wasa a raminta. In kuma an buga ta a bakin katako, wato ta bi tsawon zarensa, riƙonta ba shi da ƙarfi. Mafi muni, ƙusa mai kauri a kusa da ƙarshen busasshen katako tsaga shi take yi. Sau da yawa in na kifa tebur sai in tarar da kan ƙafar ya dare biyu saboda ƙusoshi biyar ko shida da aka jera masa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ki kifa shi ki ga yadda aka haɗa

Ki shimfiɗa tabarma ko tsohon bargo, ku kifa teburin ƙafafu sama. Abin da za ki gani ɗaya ne cikin uku.

In akwai noti a kowace kusurwa, wato ƙafar tana da ƙarfe mai zare da ya ratsa wani ɗan ƙarfe ko katako a kusurwar, kin huta. Sufana kawai za ki nema, galibi lamba 13, wani lokaci 10 ko 17. Ki ɗaure kowanne kaɗan-kaɗan kina zagayawa, kada ki ƙure ɗaya ki bar sauran. In babu washa a ƙarƙashin notin, ki sa, domin ita ke hana shi nutsewa cikin katako.

In sukuru ne, ki gwada ɗaurewa. Wanda ya kama, shi ke nan. Wanda yake ta juyawa ba ya tsayawa, raminsa ne ya cinye. Ki fitar da shi, ki samo tsinken tsire ko ƙwayoyin ashana da aka karye kan, ki tsoma su a farin gam ki cusa a ramin har ya cika, ki karye abin da ya yi saura. Ki bar shi ya kwana, washegari ki mayar da sukurun. Zai ciji sabon katakon kamar ranar farko.

Na ukun shi na fi zato a teburinki, domin haka akasarin kafintocinmu ke yi: an fere bakin katakon firam kamar harshe an zura shi a ramin da aka huda a jikin ƙafa, ko kuma an kara su kawai an buga ƙusa. A nan ne aikin yake, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure.

Gam ba ya kama gam

Abin da aka saba yi shi ne a buɗe kafar kaɗan, a matsa gam a ciki, a bar shi. Ba zai riƙe ba. Farin gam na kafinta, irin Top Bond da ake samu a kowane shagon kayan gini, yana aiki ne ta shiga cikin ƙofofin katako tsirara. In ya tarar da tsohon gam, ko ƙura, ko maiƙon kicin, a kansu zai bushe ya ɓare kamar ɓawon albasa. Dole a raba haɗin a kankare.

Kafin ki raba komai, ki rubuta lamba da fensir a kan kowace ƙafa da firam ɗin da ke kusa da ita, 1 da 1, 2 da 2, domin ba kowane harshe ke shiga kowane rami ba. Ki zare ƙusoshin da filaya. Wadda kanta ya nutse, a ɗan buga katakon ta baya har kan ya leƙo. Wajen raba ƙafa da firam, a kara wani guntun katako a buga a kansa, kada guduma ta taɓa jikin teburin. Haɗin da bai motsa ba, ki bar shi, ba ruwanki da shi. In tsohon gam ya yi taurin kai, tsumma da ruwan ɗumi yana tausasa shi, amma sai wurin ya bushe sarai kafin a ci gaba.

Ki kankare harshen da cikin ramin da wuƙa ko samfefa har ki ga launin katako na asali, amma da sauƙin hannu, domin in kika ci katakon kin ƙara masa sako-sako. Sai ki gwada haɗawa babu gam. Haɗi mai kyau yana shiga da ƙarfin hannu ko bugu kaɗan, kuma ba ya faɗowa da kansa. In yana wasa a ciki, farin gam ba ya cike gurbi. Ni abin da nake yi, in fere ɗan siririn katako in manna a gefen harshen, in bari ya bushe, in goge shi har ya shiga daidai. A gida, ƙyallen atamfa siriri da aka jiƙa da gam aka naɗe harshen da shi yana yin aikin in wasan kaɗan ne. In ramin ya yi faɗi ƙwarai, sai a koma ga gam mai kwalba biyu da ake gaurayawa, irin Araldite, shi yana cike gurbi ya daskare. Evo-Stik kuwa na manna fomaika ne da fata, yana zama kamar roba, ba ya riƙe ƙafar tebur. Sufa gulu ma yana tsinkewa da jijjiga.

In kan ƙafar ya tsage, a fara da shi: a buɗe tsagar kaɗan, a tura gam ciki da bakin wuƙa, a ɗaure tam, ya kwana kafin a haɗa sauran.

Ranar haɗawa, ki tanadi komai a kusa, domin a iskar hunturu gam yana fara yin fata cikin 'yan mintoci. Ki shafa a harshen da cikin ramin duka biyu, ko'ina ya samu, ki haɗa. Yanzu sai matsi, kuma shi ne rabin aikin. Mu muna da kilam, wato ƙarfen matse katako, amma a gida igiya ta isa. Ki zagaya ƙafafun da igiya mai ƙarfi ninki biyu daidai wajen firam, ki sa kwali a kusurwoyi don kada ta ci katakon, ki zura ɗan itace tsakanin ninkin ki yi ta murɗawa har ki ga gam yana tsattsafowa daga bakin haɗin kamar zufa. Sai ki tokare itacen a jikin firam don kada ya warware. Tsohon tyub na tayar mashin da aka yanka tsaye, irin wanda ake ɗaure kaya da shi, shi ma yana matsewa da kyau. Ki goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma.

Kafin ya bushe, ki auna daga ƙafa ɗaya zuwa wadda ke kallonta ta kusurwa, ki auna ɗaya ɓangaren. Ko zare ma ya isa. In tsawon biyu ɗaya ne, teburin ya zauna daidai, in ba haka ba ki ɗan tura doguwar kusurwar. Sannan ku tayar da shi a kan ƙafafunsa a wuri mafi daidaito a gidan, ki ɗora masa abu mai nauyi, kamar buhun fulawarki, domin ya bushe ƙafafu huɗu suna ƙasa. Ki ba shi awa 24 cikakku. A sanyin Disamba da Janairu na Jos ki yi aikin da hantsi, a cikin ɗaki, domin farin gam ba ya kamawa da kyau cikin tsananin sanyi. Amma ta wani gefen, hunturu ne lokacin da ya fi dacewa: katakon ya kai ƙarshen tsukewarsa, in damina ta zo kumburin da zai yi ƙara matse haɗin zai yi.

Don kada ya dawo

Tunda murzawa za ki ci gaba da yi, gam kaɗai ba zai ishe ni ba in ni ne. Ki sa kafintan unguwa ya yanko miki guntaye huɗu na jan katako, kowanne an yanke bakinsa biyu a karkace yadda zai zauna a cikin kusurwa ya haɗa firam biyu. A shafa gam, a ɗaure kowane gefe da sukuru biyu, kuma a fara huda ɗan rami kafin a sa sukurun don kada katakon ya tsage. A lura da tsawon sukurun kada ya ɓullo ta waje. Waɗannan guntayen su ke hana kusurwa buɗewa. In teburin ba shi da katakon da ya haɗa ƙafafu ta ƙasa, a ƙara masa, kamar taƙi ɗaya daga daɓe. In aka shimfiɗa falanki a kai ma kin sami wurin ajiye tukwane, nauyinsu kuma yana ƙara zaunar da teburin. A wajen aiki, ki jingina shi da bango ta ɓangaren da kike turawa, bangon ya ɗauki ƙarfin.

In bayan duk wannan aka ga sauran ɗingishi, kuma juyawa bai kawar da shi ba, ƙari ya fi ragi. Ki jera katin waya ko kwali a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar har ya tsaya, kaurin abin da kika jera shi ne abin da ya rage. A yanko roba daga tsohuwar taya ko ɗan katako mai wannan kaurin a manna. Rage ƙafa aikin kafinta ne, domin sai an daidaita teburin an zana layi a ƙafafun huɗu daga daɓe kafin zarto ya taɓa. Wanda ya yanka da ido, yakan bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har teburin ya gajarce bai daidaita ba. Ni ma ina son roba a ƙarƙashin dukkan ƙafafun teburin kicin, saboda bakin katako yana zuƙar ruwan mofa kamar yadda rake ke riƙe ruwa, daga nan ruɓewa ke farawa.

Inda gyaran gida ya tsaya

Duk wannan na faɗa ne bisa bayaninki, hannuna bai taɓa teburin ba. Akwai abubuwa uku da in kin gani, lissafin ya canja. In kin ga ƙananan ramuka da gari mai laushi yana zuba, ko hanyar ƙasa ta gara a jikin ƙafa, ki soka bakin sukurudireba. In ya nutse, wannan ƙafar ta tafi, sai kafinta ya sake ta, kuma maganin ƙwari irin Solignum ba a shafa shi a saman da abinci ke taɓawa. In teburin na garin katako ne da aka matse, irin MDF, kuma ya sha ruwa ya kumbura a wajen sukuru, ba ya komawa, sai dai a matsar da sukurun zuwa wuri mai lafiya ko a yi masa sabon firam na katako. In kuma ƙafafun ƙarfe ne aka ga walda ta tsage, wajen mai walda za a nufa.

In ba ki ga ko ɗaya daga cikinsu ba, ki zaɓi ranar da ba ki da odar kowa, domin teburin zai yi kwana ɗaya ko biyu ba ya aiki. Ki tanadi ƙaramar robar farin gam, samfefa, filaya, igiya da sukuru 16 na kusurwoyi. Kowace shekara kuma in hunturu ya kama, ki kifa shi ki bi sukuru da noti ki ɗan ƙara musu ɗauri. In kin kifa kin ga abin da bai yi kama da wanda na kwatanta ba, ki turo hoton kusurwar ta ciki, in sha Allah zan duba.